Ƙagaggun Labaran Kimiyya Bakwai da Suka Cancanci Lokacin Mai Karatu

A shekarar 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙonsa Kolin Koliyo, wanda ya sauko daga sararin samaniya ya tafi da shi yawo. Ke nan ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Sai dai shukar ba ta yi yaɗo ba. Soyayya da zaman aure da siyasa da jarumta sun cika kasuwa, wannan fanni kuwa ya zama kamar gonar da aka noma damina ɗaya aka bar ta. Yawancin matasanmu a fim suka fara saninsa, shi ya sa da an ambaci labarin kimiyya sai hankali ya tafi ga kumbo da bindiga mai fitar da haske da dodanni masu koren fata.

Waɗannan duka kayan ado ne, littafi na iya tara su ya kasance fanko. Abin da muke nema a wannan fanni shi ne marubuci ya ɗauki duniyar da muka sani ya sauya abu guda a cikinta, sannan ya bi sawun sauyin har inda ya tsaya, ba tare da ya yi wa taurarinsa rangwame ba. A nan ya sha bamban da labarin aljanu. A Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, idan tafiya ta yi tsanani ana iya samun aljani ya kai mutum inda ƙafa ba ta zuwa, mai karatu kuma ba ya tambayar ta yaya, domin daɗin labarin ba a can yake ba. A labarin kimiyya kuwa, marubuci ne ya kafa doka da bakinsa, don haka dole ta hau kansa. Idan ya ce babu ruwa a duniyar labarinsa, to sai mu ga rashin ruwan a gaisuwa da jana'iza da sarauta.

Tambayoyi biyu muka yi wa kowane littafi: me aka sauya, kuma a kan wa nauyin sauyin ya faɗa? Littafi ya yi tsada, lokacin karanta shi ya fi shi tsada, saboda haka za mu faɗi abin da kowanne ya iya, mu kuma faɗi inda ya gaza.

The War of the Worlds, na H. G. Wells, 1898

Wells ya karanci ilimin halittu a Landan kafin ya koma rubutu, kuma ana ganin haka a kowane babi. Labarin ya fara da faɗowar wani abu mai kama da ƙatuwar ganga daga sama, a wani fili kusa da garin Woking. Jama'a suka taru suna kallo, har wani ya turo ɗansa da baro yana sayar wa 'yan kallo tuffa. Daga cikin gangar halittun duniyar Mars suka fito, suka harhaɗa injuna masu ƙafa uku da suka fi gidaje tsawo, suna ƙone abin da ke gabansu da wani zafi da ido ba ya gani, suna feshin baƙin hayaƙi mai guba. Cikin 'yan kwanaki, babban birnin daular da ta fi kowace girma a duniya ya watse, masu kuɗi da talakawa suna turereniya a hanya ɗaya.

Abin da Wells ya sauya shi ne wanda ke riƙe da makami mafi ƙarfi. Tun a babin farko mai ba da labarin ya tuna wa 'yan'uwansa Turawa cewa kafin su la'anci baƙin, su tuna yadda su ma suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya. A shekarar da littafin ya fito ne sojojin Ingila suka karkashe dakarun Sudan da bindiga mai ruwan harsashi a Omdurman, bayan shekara biyar kuma, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsu. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ke faruwa idan masu doki da mashi suka tari irin wannan makami. Wells ya sa mutanensa sun ɗanɗana shi a takarda.

Ƙarfin littafin yana ga mutane biyu da mai labarin ya haɗu da su. Ɗaya limamin coci ne da tsoro ya zautar. Ɗayan soja ne mai harba igwa, wanda ya zayyana babban shiri na yadda 'yan Adam za su koma zama a ƙarƙashin ƙasa su sake tashi, amma da aka zo haƙa rami sai ya gwammace shan giya da karta. Ƙarshen labarin ma ya bi doka: abin da ya kayar da baƙin ba soja ba ne, ƙwayoyin cuta ne da jikinmu ya saba da su, nasu bai san su ba. Rauninsa shi ne matar mai labarin ko suna ba ta da shi, an kai ta gidan dangi an manta da ita har kusan ƙarshe. Littafin gajere ne, kuma da yake haƙƙin mallakarsa ya ƙare, ana samunsa kyauta a Project Gutenberg.

Dune, na Frank Herbert, 1965

Herbert ɗan jarida ne. A 1957 ya je garin Florence a jihar Oregon don ya rubuta rahoto kan yadda ake dasa ciyawa a tsayar da tudun rairayi masu tafiya suna binne hanyoyi. Rahoton bai fito ba, amma daga nan tunanin Dune ya tsiro. Kamfanonin ɗab'i fiye da ashirin suka ƙi shi, har Chilton, kamfanin da aka fi sani da buga littattafan gyaran mota, ya karɓa.

Arrakis duniya ce da ba a ruwan sama a cikinta, amma a nan kaɗai ake samun wani sinadari mai suna melanj, wanda ke tsawaita rai, kuma sai da shi matuƙa kumbo ke iya ratsa tsakanin taurari. Duk mai son mulki yana son Arrakis, babu mai son zama a cikinta. Sarkin sarakuna ya damƙa ta ga gidan Atreides, ashe tarko ne. Aka kashe maigidan, ɗansa Paul da mahaifiyarsa Jessica suka gudu cikin hamada wurin mutanen da ake kira Fremen.

A nan Herbert ya nuna gwaninta. Mutumin Fremen yana sa riga mai tace guminsa da numfashinsa ta mayar masa da su ruwan sha. Idan mutum ya mutu, ana tatse ruwan jikinsa a mayar wa jama'a, domin gangar jiki tasa ce amma ruwan na ƙabila ne. Tofa yawu a gaban mutum girmamawa ce, tunda ka ba shi abin da ya fi komai daraja a jikinka. Da Paul ya zubar da hawaye a kan mutumin da ya kashe, sai jama'a suka cika da mamaki, don ba su saba ganin an yi wa mamaci kyautar ruwa ba. Abu ɗaya aka sauya, ya shiga ko'ina. Har ma da ƙulli mai wuyar kwancewa: burin Fremen shi ne su ga ƙasarsu ta yi kore, amma ruwa guba ne ga manyan tsutsotsin rairayi, kuma daga tsutsotsin melanj ke fitowa. Ranar da ƙasar ta samu ruwa, ranar arzikinta zai ƙafe.

Musulmi mai karatu zai ci karo da kalmomin da ya sani: Mahdi, jihadi, Lisan al-Gaib. Akwai abin dubawa a nan. Herbert ya ari kalmomi masu nauyi daga Larabci da Musulunci ya ɗora su a kan addinin da ya ƙaga, kuma har yanzu ɗan sarautar waje ne ya zo ya jagoranci mutanen hamada. Wannan suka ce mai tushe. Amma wanda ya karanta da natsuwa zai ga littafin yana gargaɗi ne a kan mai ceton. An nuna mana cewa wata ƙungiyar mata, Bene Gesserit, ita ta shuka labarin zuwan mai ceto a cikin Fremen tun ƙarnoni da suka wuce, don ya yi wa 'ya'yanta amfani ranar da suka shiga uku. Paul ya san haka. Ya kuma hango jinin da za a zubar da sunansa, amma bai sauka daga dokin ba. Littafi na biyu, Dune Messiah na 1969, ya nuna abin da ya biyo baya.

Aibinsa a bayyane yake. Mugun labarin, Baron Harkonnen, an cika masa mugunta har ya koma abin dariya. Herbert kuma yana yawan shiga zuciyar kowane tauraro ya faɗa mana abin da yake tunani, maimakon ya bar mu mu gane. Farkon littafin yana da nauyi saboda baƙin sunaye, amma akwai ƙamus a bayansa, kada a ji kunyar duba shi.

Parable of the Sower, na Octavia Butler, 1993, da Utopia, na Ahmed Khaled Towfik, 2008

Mun haɗa waɗannan biyu ne domin katanga ce jigonsu. Butler baƙar fata ce 'yar Kaliforniya, kuma ita ce marubuciyar wannan fanni ta farko da ta samu kyautar MacArthur, a 1995. Labarinta ya fara a shekarar 2024, a wata ƙaramar unguwa mai katanga kusa da Los Angeles. Babu baƙi daga sama, babu sabon makami. Abin da ta yi kawai shi ne ta ɗauki fari da rashin aiki da raunin hukuma ta ƙara musu shekara talatin. Ruwa ya fi fetur tsada, 'yan garuwa na yawo da shi ana kashe su a kansa. Ba a kiran 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana sai an tanadi kuɗin biyansu. Wani kamfani ya sayi gari sukutum, yana ba mutane aiki da tsaro, albashin kuma ba ya isa biyan haya, sai bashi ya mayar da su bayi.

Lauren Olamina, 'yar limamin coci mai shekara 15, ita ke rubuta labarin a kundinta na yau da kullum. Manya sun yarda katanga za ta riƙe har zamani ya gyaru. Ita ba ta yarda ba. Ta haɗa jaka da iri da taswira da 'yan kuɗi, tana karanta littattafan tsirran da ake ci a daji. Da ta faɗa wa ƙawarta abin da take hangowa, sai maganar ta koma wurin manya aka tsawata mata don ta tsorata mutane. Wannan ɗan wuri ya fi duk wata gobara da ke cikin littafin ban tsoro, domin mun san irinsa: mai faɗin gaskiya da wuri shi ake fara ɗauka maƙiyi. Butler ta kuma ɗora wa Lauren wata lalura, idan ta ga mutum cikin ciwo sai ta ji ciwon a jikinta. Don haka duk dukan da ta kai don kare kanta, ita ma sai ta sha shi. A littattafai da yawa tashin hankali kyauta ne, a nan kuwa yana da farashi. Inda littafin ke jan ƙafa shi ne baitocin sabuwar aƙidar da Lauren ke ƙagawa, waɗanda ke buɗe kowane babi. Mai karatu ba zai yarda da aƙidar ba, ba kuma sai ya yarda ba kafin ya fahimci yarinyar da duniya ta rushe a kanta tana neman abin riƙewa.

Towfik likita ne ɗan garin Tanta a Masar, ya rasu a 2018. Shi ya leƙa katangar daga ciki. A Masar ta shekarar 2023 da ya ƙaga, an samo abin da ya maye gurbin man fetur, tattalin arzikin yankin ya durƙushe, masu matsakaicin hali suka ɓace. Masu kuɗi suka koma wani gari mai katanga a gaɓar tekun arewa, tsofaffin sojojin Amurka na gadinsu. 'Ya'yansu sun samu komai har rayuwa ta gundure su, sai suka mayar da farautar talaka wasa. Murya biyu ke ba da labarin, ta wani saurayi daga cikin katanga da ta Jabir, talaka mai karatu da ya gane su kuma ya ɓoye su. Littafin gajere ne, mai ɗaci, akwai fyaɗe da shaye-shaye da zubar da jini, don haka ba na yara ba ne. Rauninsa shi ne fushin marubucin yakan rinjayi labarin, har taurari su koma masu wa'azi. Ga masu karatun Larabci, wannan dama ce ta karanta shi da harshen da aka rubuta shi. An fassara shi zuwa Turanci a 2011.

The Three-Body Problem, na Liu Cixin, 2008

Liu injiniyan kwamfuta ne a wata tashar wutar lantarki a lardin Shanxi na ƙasar Sin lokacin da ya rubuta wannan littafi. Ken Liu ya fassara shi zuwa Turanci a 2014, a 2015 kuma ya zama fassararren littafi na farko da ya ci kyautar Hugo.

Fassarar Turanci ta buɗe ne a shekarar 1967, lokacin Juyin Juya Halin Al'adu, inda matasa 'yan jar gadi suka yi wa wani farfesan fiziks duka har lahira a gaban taro saboda ya ƙi ƙaryata iliminsa. 'Yarsa Ye Wenjie tana cikin taron tana kallo. Bayan shekaru, tana aiki a wani sansanin sirri mai aika saƙo sararin samaniya, sai amsa ta zo mata daga wata duniya, kuma amsar gargaɗi ce: kada a sake magana, in ba haka ba za a gano inda kuke. Abin da Ye ta yi da wannan gargaɗi shi ne ginshiƙin littafin. Liu bai nemi mu yafe mata ba, ya dai tabbatar mun ga abin da ta gani kafin ta ɗora yatsa a kan maɓalli.

Sunan littafin ya fito ne daga wata tsohuwar matsala ta lissafi. Idan abubuwa biyu na kewaya juna a sarari, ana iya lissafa inda za su kasance gobe da baɗi. Idan suka zama uku, babu wata ƙa'ida ɗaya da za ta ba da amsa a kowane hali. Liu ya tambaya: yaya rayuwa za ta kasance a duniya mai rana uku? Babu damina, babu rani, babu wanda ya san ko gobe rana za ta fito, ko ukun za su fito tare su ƙone komai. Mutanen wannan duniya sun koyi tsane ruwan jikinsu su bushe kamar ƙirgi, a naɗe su a ajiye a rumbu har lokaci ya daidaita a jiƙa su su farfaɗo. Irin wannan halitta ba za ta ga duniyarmu mai rana ɗaya ta ƙyale ba. Tafiyarsu zuwa nan za ta ci fiye da shekara ɗari huɗu, sai tambayar ta koma wata: me mutane za su yi da bala'in da ba zai same su ba, sai jikokin jikokinsu?

A wajen girman tunani, littafin nan ya fi sauran shida. A wajen gina mutane kuwa, shi ne na baya. In ban da Ye Wenjie da wani ɗan sanda mai kaifin baki, Shi Qiang, sauran taurarin kamar alluna ne da aka kafa don a rubuta bayani a kansu. Wanda ya jure wannan zai samu lada a littattafai biyu da suka biyo baya, The Dark Forest da Death's End.

Rosewater, na Tade Thompson, 2016

An daɗe ana sauke baƙin sama a Landan da New York. Thompson, likitan ƙwaƙwalwa da aka haifa a Landan ya tashi a Nijeriya, ya kafa nasa labarin a Nijeriya ta shekarar 2066. Wata ƙatuwar ƙubba ta baƙin halitta ta tsiro a ƙasar Yarabawa. Tana ba da wutar lantarki kyauta, kuma sau ɗaya a shekara takan buɗe ta warkar da marasa lafiyar da ke kusa da ita. Sai gari ya taso ya kewaye ta, ba shiri ba tsari, har warin rashin magudanar ruwa ya sa aka yi masa laƙabin ruwan wardi don ba'a.

Mun sa littafin nan a jeri ne saboda ya san mutanensa. Thompson ya gane cewa idan abin al'ajabi ya sauka a ƙasar nan, kafin mako ya zagayo an kafa kasuwa a gindinsa, masu addu'a sun kafa rumfa, gwamnati ta kafa hukuma. Warakar ma ba kyauta ba ce. Wasu sukan warke a karkace, gawarwakin da ke kusa kuma sukan tashi ba hankali, sai an bi su an sake kashewa. Baƙin sun cika iska da wasu ƙwayoyi masu kama da funfuna da ke haɗa ƙwaƙwalen mutane, 'yan kaɗan kuma na iya shiga wannan saƙa su karanta tunanin wasu. Kaaro, tauraron labarin, yana cikinsu. Tsohon ɓarawo ne. Yana aiki a banki, inda shi da abokan aikinsa ke zama suna karanta tsofaffin littattafan adabi don su cika iskar da hayaniya, kada masu irin baiwarsu su sato lambobin sirri daga kan masu hulɗa da bankin. A ɓoye kuma yana yi wa hukumar leƙen asiri tambayar waɗanda aka kama. Ga amsar tambayarmu ta biyu: baiwa ta sauka, banki da jami'an tsaro suka riga kowa cin moriyarta.

Kaaro matsoraci ne mai son kansa, kallon da yake wa mata kuma zai ɓata wa masu karatu da yawa rai. Babi-babin suna tsalle tsakanin shekaru daban-daban, sai an riƙa duba kwanan watan da ke saman kowanne. Akwai kuma batsa a wasu wurare. Duk da haka ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019, kuma ya cancanta. Wanda ya ji daɗinsa sai ya nemi Lagoon na Nnedi Okorafor, 2014, inda baƙin suka sauka a tekun Legas, da The Shadow Speaker nata na 2007, wanda ta kafa a Nijar ta shekarar 2070.

The Martian, na Andy Weir, 2014

Wannan shi ne mafi sauƙin Turanci da saurin tafiya a cikinsu. Guguwa ta sa 'yan sama jannati sun baro duniyar Mars cikin gaggawa, suka bar abokinsu Mark Watney suna zaton ya mutu. Abincin da ke hannunsa ba zai kai shi zuwan kumbo na gaba ba. Daga nan littafin ya koma lissafi: dankalin Turawa nawa zai noma a cikin ɗaki, taki daga ina, ruwa daga ina. Ya yi taki da bayan gida, ya ƙona man roka ya samar da ruwa, ya kusa hallaka kansa a garin haka. Duk matsalar da ya warware sai ta haifi wata, kuma ba a taɓa ceto shi da abin da ba a riga an nuna mana ba. Weir da kansa ya amsa cewa guguwar farko ba za ta yiwu ba, domin iskar Mars ba ta da kaurin da za ta ture mutum. Bayan wannan, ya riƙe doka da kyau.

Abin da littafin ya rasa shi ne zurfi. Mutum ya yi fiye da shekara shi kaɗai a duniya guda, amma ba mu ga kaɗaici ya taɓa zuciyarsa ba, barkwanci da ashar kawai yake yi. Ya amsa tambayar me aka sauya, ya yi wa ta biyun rowa. Mun bar shi a jeri ne domin ba mu san littafin da ya fi shi nuna wa ɗalibin sakandare ko jami'a cewa lissafi da ilimin sinadarai na iya zama abin da ke hana mutum barci don son jin ƙarshe ba.

Ta ina za a fara

Wanda bai taɓa karanta irin waɗannan ba, ya fara da The Martian ko The War of the Worlds. Daga nan ya wuce Parable of the Sower da Rosewater. Dune da The Three-Body Problem suna son hutu da natsuwa, a ajiye su sai an samu sarari. Utopia zama ɗaya ko biyu ya ishe shi, amma a shirya wa ɗacinsa. Wanda ke son ganin tushen fannin kuma ya koma ga Frankenstein na Mary Shelley, 1818, labarin masanin da ya haɗa halitta a ɗakin gwaji ya gudu ya bar ta, wanda shi ma ana samunsa kyauta.

Ga marubutanmu masu sha'awar farfaɗo da gonar da Umaru Dembo ya share, darasin da ke cikin littattafan nan bai buƙaci kumbo ba. Butler ba ta yi amfani da shi ba, Towfik ma haka. A ɗauka wani ya ƙera na'urar da ke faɗin ranar da ruwan farko zai sauka da ranar da zai ɗauke, ba ta kuskure. Wa zai mallake ta? Nawa za a sayar wa manomi da labarin? Me zai faru da farashin gero a Dawanau idan mutum biyar suka san abin da sauran ba su sani ba tun watan Maris? Yaya uba zai yi da ranar auren 'yarsa idan ya san baɗi fari ne? Marubucin da ya zauna ya amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya, ya bar taurarinsa suka ɗauki nauyin amsar, ya rubuta labarin kimiyya, ko da tafiyar da aka yi a cikinsa ba ta wuce daga ƙauye zuwa kasuwa a bayan a-kori-kura ba.